Maganin da ya cinye waken Inna

Gonar da Baba ya danƙa mini a ƙasar Soba, bayan gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, ba ta wuce hekta ɗaya ba, eka biyu da rabi ke nan a lissafin mutanenmu. Ni malamin firamare ne. Daidai lokacin da masara take neman a yi mata firi, ni ina aji ina shirya yara jarrabawar zango na uku, ciyawa kuwa babu ruwanta da jarrabawa. Duk manomi ya san masarar da ta yi makonni shidanta na farko tana kokawa da harƙiya da gude-gude ba ta farfaɗowa yadda ake so, ko buhu nawa na taki aka zuba mata daga baya. 'Yan ƙwadago kuma a mako guda kowa yake nemansu. Wanda ka ba kafin alƙalami ranar Talata, ranar Alhamis sai ka hango shi a gonar wani.

A majalisarmu ta bakin masallaci na fara jin labarin maganin ciyawa da ke kama ƙasa. Wanda na sani a da shi ne mai ƙone ciyawar da ta riga ta fito, ka fesa yau ka ga aiki gobe ko bayan mako. Wannan kuwa aka ce ƙasa ake fesa wa bayan shuka, tun ciyawa ba ta leƙo ba, ya zauna a saman ƙasa yana jiranta. Da na gaya wa Baba sai ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Ƙasa ziryan? Wato za ka narka kuɗinka a ruwa ka ba ƙasa ta sha."

A daminar 2021 na shiga Sabon Garin Zariya na sayo lita 4 na wani haɗin sinadarai biyu, atirazin da metolakulo, fari kamar madara. Mai shagon ya ce zai ishi gonar. Muka yi shuka ranar Asabar bayan ruwa mai kyau. Feshi bai samu ba sai Asabar ta gaba, don ran nan ne kaɗai nake da sukuni. Kafin nan saman kunyoyi ya bushe ya yi fari, masara ta tsaga ƙasa, in ka duƙa kuma za ka ga ciyawa ta fito siri-siri kamar gashin jariri. Na ce ai ƙanana ne, magani zai ji da su. Muka fesa da rana tsaka, ni da ƙanena Auta. Daga ranar sama ta ɗauke ƙafa, kwana goma sha ɗaya babu ko yayyafi. Da ruwa ya dawo sai gona ta yi shar, kore daga wannan iyaka zuwa waccan. Na biya firi, na biya maimai, ga kuɗin magani ya tafi. Na yanke hukunci cewa jabu aka sayar mini, na kuma faɗa a majalisa ba sau ɗaya ba. Allah ya yafe mini, don yanzu ba na jin mutumin ya cuce ni.

Shekarar da ta biyo baya na sauya shago, na kuma shiga damina da dabara irin ta wanda aka taɓa cuta: tunda magungunan yanzu ba su da ƙarfi, sai a ƙara hannu. Aka ce gwangwanin madara biyu a kowace goyon injin feshi mai lita 16, ni na ce wa Auta ya zuba uku, in ya ga dama ya ɗan yi gyara. Wannan karon mun dace da lokaci ba tare da mun sani ba, domin ranar Juma'a aka yi shuka, daren aka yi ruwa, Asabar da sassafe muka fesa a kan ƙasa mai laima. Auta yaro ne mai tsoron a ce ya bar gurbi, saboda haka tafiyar hawainiya yake yi, in ya kai kan kunya kuma ya tsaya ya juya bai saki hannun injin ba. Muna tsakiyar gona lita 4 ta ƙare. Da mai hankali ne a nan zai tsaya ya yi tambaya. Ni babur na hau na ƙaro wata lita 4.

Kai, gona ta yi kyau! Mako biyar, ƙasa tas kamar tsakar gidan amarya, masara ta yi baƙi-ƙirin tana sheƙi. Masu wucewa a kan babur sukan rage gudu su duba. Baba da kansa ya zo da sandarsa ya zagaya, bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Muka zuba takin yuriya, aka sa shanu suka yi ban ƙasa, na ce na gama da ciyawa har abada.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne gonar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Tun ina yaro, in masara ta kai ƙirji, wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, Inna takan ba da irin wakenta a bi tsakanin masara a shuka. Farin wake ne mai yaɗo, irin da take ajiyewa da toka shekara da shekaru. Waken nata ne, kuɗinsa nata ne, da shi take zubin adashi, harawar kuma ta awakinta ce. Ban da wake, akwai abin da gona take bayarwa kyauta ba wanda ya shuka: lalo, gasaya, karkashi, ga yakuwa da rama da ke fitowa daga irin da ya zube bara. Mu maza ciyawa muke ce musu. A madafa miya ce.

Waken ya fito lafiya ƙalau, shi ya sa na daɗe ban zargi magani ba. Bayan kamar mako guda sai gefen ganye ya fara yin ɗorawa, ɗorawar ta ci zuwa ciki, gefen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, tsiro ya tsaya cak ya bushe a tsaye. Inna ta aika wa ƙanwarta aka kawo wani irin, aka sake shukawa. Wani wuri ya kama, wani wuri ya bi na farko. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana. Ran da ta dawo daga gonar da ƙwarya babu ko ganye ɗaya a ciki, ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Kai wannan, me ka zuba wa gonar nan? Ko lalo ta ƙi haifa." Na ce mata ƙila ciwo ne ya shigo wa wake bana. Ta ce, "To, ciwon nan ya san iyaka, don bai tsallaka gonar maƙwabta ba."

Wani malamin gona da muka yi sakandare tare shi na roƙa ya zo ya duba. Bai tambaye ni komai ba sai da ya zagaya. Ya nuna mini inda waken ya mutu ƙurmus: kawunan kunyoyi, inda Auta yake tsayawa ya juya, da kusurwar gabas, ɗan kwarin da ruwan gonar yake gangarawa. Sannan ya ce, "Malam, lita nawa ka zuba?" Na ce takwas. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce garin neman ƙiba na samo rama, ramar ma ba ta miya ba.

A gindin ɗorawar da ke gefen gona ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun 2021. Atirazin ta saiwa yake shiga tsiro, ya hana ganye sarrafa hasken rana ya zama abinci. Shi ya sa waken ya fito da kyau: guzurin da ke cikin ƙwayar yake ci, da guzuri ya ƙare ya juya ga rana sai ya tarar an toshe hanya. Masara da dawa da rake suna iya narkar da shi a jikinsu, wake da gyaɗa da waken suya da kayan miya ba sa iyawa. Metolakulo kuma shi ke tare ciyayi masu siririn ganye tun suna tsira a cikin ƙasa, kuma dawa ma yakan taɓa ta, don haka kada in ɗauka haɗin masara zai yi wa dawa. Dukkansu sai ruwa ya ɗan shigar da su saman ƙasa, inda irin ciyawa yake kwance, kafin su yi aiki. A busasshiyar ƙasa suna nan a sama rana tana dukansu, ciyawar da ta riga ta kafa saiwa kuma ta wuce su. Labarin shekarata ta farko ke nan, ba sai an kira jabu ba. Daɗewar da maganin yake yi a ƙasa kuwa, wadda ita na biya kuɗi na saya, ba ta da agogo: makonni ne in an zuba daidai kuma ruwa da zafi sun samu, watanni ne in an ninka. Ni na ninka, sannan na sa shanu suka tattaro ƙasar suka tula a kan kunya, daidai inda za a sa waken Inna.

Abin da ya fi amfanata a ranar shi ne awo, kuma da ruwa zalla muka yi shi. Ya sa muka auna fili taku mai kyau, mita 25 a tsaye, mita 20 a kwance, kashi ɗaya cikin ashirin na hekta. Ya cire bakin feshin da ke jikin injinmu, mai watsa ruwa a zagaye, ya ce wannan na maganin ƙwari ne. Ya ɗaura mai fitar da ruwa a baje kamar mafici. Auta ya fesa filin da tafiyarsa ta kullum, ya cinye kusan lita 15. Aka sa shi ya ƙara sauri, sanda a tsayin gwiwa, ba lilo hagu da dama, har sai da ya daidaita a lita 10. Lita 10 sau ashirin, lita 200 a hekta, goyo goma sha biyu da rabi. In takardar jikin roba ta ce lita 4 a hekta, kowace goyo za ta ɗauki mililita 320, kusan gwangwanin madara biyu. Ashe gwangwani biyun da aka gaya mini daidai ne, amma ga mai irin wannan tafiyar. Ni mai koyar da lissafi ne a aji biyar, sai ga shi an koya mini rabawa a gindin bishiya.

A 2023 na ƙi yin shuka sai da na tabbatar magani da ruwa da mai feshi suna hannu. Jarka takwas masu lita 25 muka jera a bakin gona tun daren. Aka yi huɗa mai laushi, aka farfasa manyan hoge, domin ƙarƙashin kowane hoge mafakar ciyawa ce. Aka shuka, washegari da asuba kafin iska ta tashi muka fesa, kan ƙasa tana danshi. Na roƙi Baba kada ya shiga da fartanya yana ɗan karce-karcen da ya saba, don duk inda aka karce an yaye mayafin. Wannan roƙon ya fi feshin wuya. Ɓangaren tudu, inda ƙasar take da yashi, na rage hannu kaɗan kamar yadda malamin ya ce, tunda jigawa ba ta riƙe magani kamar laka, ruwa yakan tafi da shi ƙasa.

Gonar ba ta yi tas irin na 2022 ba, kuma na daina son irin wancan tas ɗin. Ta riƙe kamar mako biyar, daga nan ciyawa ta fara dawowa jefi-jefi, ban ƙasa ya binne ta, masara ta rufe sama. Aya-aya da ƙiri-ƙiri ko a jikinsu, domin ba daga iri suke tasowa ba, daga 'ya'ya da jijiyoyin da ke can ƙasa ne. Gyazama ma ta tsallake, sai da muka bi ta da hannu kafin ta zubar da iri. Wuta-wuta kuwa tana fitowa ne bayan magani ya gama aikinsa, maganinta sai irin masara mai jure mata, kamar SAMMAZ 15 na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da taki, da juya shuka. A 'yar gonar waken suya da na karɓa aro na yi amfani da fendimetalin, wani maganin kama ƙasa mai ruwan ɗorawa da ke rina hannu da riga, babu atirazin ko ɗigo, bayan an wanke injin sau uku.

Wanke injin ma sai da muka yi rigima da Auta. A bakin rijiya yake yi, ƙafa ba takalmi, in bakin feshi ya toshe ya sa baki ya hura. Robobin da suka ƙare kuma har an fara rabonsu a cikin gida, wata za ta zuba man gyaɗa. Na huda su duka da wuƙa. Atirazin tsohon magani ne, tun 1958 yake kasuwa, kuma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004 saboda yadda ake samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. A nan gida ma hukumar NAFDAC ta sanar a 2023 cewa za ta janye shi daga kasuwa, shi da farakwat, maganin nan mai ƙone ciyawa. Mu da muke shan ruwan rijiyar da ba ta kai taku ɗari uku daga gona ba, wannan magana ta fi shafarmu fiye da Bature. Yanzu takalmin roba da safar hannu da takunkumi suna cikin kuɗin feshi, kuma duk abin da zan saya sai na karanta sunan sinadarin da ke ciki, ba hoton masarar da ke jikin roba ba.

Inna ba ta samu waken kirki a 2022 ba, adashinta ni na zuba mata har ya zagayo. Irin nata na asali ya tsira ne kawai saboda ƙanwarta tana da ragowarsa. Da damina ta gabato na je na durƙusa na tambaye ta kunya nawa take so. Ta ce talatin, ta ɓangaren tudu, inda ruwan gonata ba zai gangaro mata ba. Ban san ta lura da gangaren ba.

Kunya talatin ɗin nan har yau da fartanya ake nome su, ni nake biya, in kuma hutu ya zo ni nake duƙawa. Masu noman sun san ba a taɓa lalo da gasaya. Na kafa turke na ɗaura masa jan ƙyalle, na bar kunya huɗu tsakani saboda iska. In Auta ya iso wurin sai ya saki hannun injin tukuna, sannan ya juya.