Yadda ma'aunin danshi ya sauya tsarin sanyaya gidana

A farkon bazarar bara na sayi ƙananan na'urori huɗu masu auna zafi da danshin iska, kowace ba ta wuce akwatin ashana girma ba. Na liƙa ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin yara, ɗaya a siton da inbata da batura suke, ta huɗun kuma na rataye ta a inuwa a tsakar gida. Abin da ya kai ni ga sayensu shi ne baturan solarmu da suke ƙarewa kafin asuba, saboda fankoki da na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa suna kwana suna aiki ko da iska ta riga ta yi sanyi. Burina a lokacin bai wuce in samu abin da zai kashe su da kansa idan zafi ya sauka ba, kuma ban ɗauki lambar danshin da ke kusa da ta zafi da wani muhimmanci ba.

Aikin na'urorin ba shi da wuyar fahimta. A cikin kowace akwai wani ɗan ƙaramin sashe mai jin zafi, da wani mai ɗauke da siririn leda da ke tsotsar tururin ruwa daga iska, wanda yawan abin da ya tsotsa ke sauya yadda yake riƙe lantarki. Lambar da take bayarwa cikin ɗari tana nuna yawan ruwan da ke cikin iska idan aka gwada shi da iyakar abin da iskar za ta iya ɗauka a wannan zafin, kuma iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa nesa ba kusa ba. Nawa suna aika bayani ta hanyar Zigbee, wani tsarin sadarwa mara waya mai cin wuta kaɗan, ba ta Wi-Fi ba, shi ya sa ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, yake kai su shekara ko fiye. Bayanin yana zuwa wata ƙaramar kwamfuta ta Raspberry Pi mai ɗauke da manhajar sarrafa kayan lantarkin gida ta Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013 kuma kowa yana iya saukewa kyauta. Na zaɓe ta ne domin komai yana gudana a cikin gida. Ranar da data ta ƙare ko intanet ya ɗauke, fanka ba ta jiran izini daga wata kwamfuta a Turai ko Sin kafin ta juya.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne kwatanta watan Afrilu da watan Agusta. A Afrilu falonmu yakan kai digiri 35 da yamma, danshi kuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kuma da zarar an kunna na'urar ruwan sai ɗaki ya yi daɗin zama cikin 'yan mintuna. A Agusta zafin bai cika wuce digiri 30 ba, amma danshi yakan haura kashi 75, zufa ta ƙi bushewa, mutum ya ji jikinsa yana danƙo. Mun sha kunna na'urar a irin waɗannan darare muna zargin cewa ta lalace, har na taɓa kiran mai gyara ya canza mata famfo, alhali lafiyarta ƙalau. Tana sanyaya iska ne ta hanyar ƙafewar ruwa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha, kuma kamar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Idan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, babu inda sabon tururi zai shiga, saboda haka na'urar ba ta ƙara wa ɗaki komai sai laima, ga kuma cin batir a banza.

Daga nan na sake rubuta ƙa'idojin kunnawa da kashewa da ke cikin manhajar gaba ɗaya. Yanzu idan zafin ɗakin yara ya haura digiri 30 kuma danshi yana ƙasa da kashi 45, soket mai karɓar umarni yana kunna na'urar ruwa. Idan danshi ya wuce kashi 60, fanka kaɗai ke tashi, sai dai in akwai wutar gwamnati, a nan wata 'yar na'ura mai kwaikwayon rimot takan kunna esi a tsarin busar da iska. Na'urar tsakar gida kuma tana aiko mini da saƙo a waya idan waje ya fi ciki sanyi da digiri biyu, domin a buɗe tagogi, wanda a gidan da ke da rufin kwano yakan fi kowace na'ura amfani bayan sallar isha'i. Buɗe tagar dai da hannu ake yi, kuma uwargida ta ce tun kafin in sayi kayan ta san lokacin da ya kamata a buɗe, maganar da ban samu hujjar musantawa ba.

Kurakuran da na tafka suna da yawa. Na farko, na sa kunnawa da kashewa a lamba ɗaya, sai na'ura ta riƙa tashi tana mutuwa duk bayan 'yan mintuna yayin da zafi ke kai-komo a bakin digiri 30. Maganinsa shi ne a bar tazara, a kunna a 30 a kashe a 28, kuma wannan ya fi zama dole ga esi, domin injinsa yana buƙatar hutun kamar minti uku kafin a sake tayar da shi. Na biyu, na liƙa ma'aunin falo a bangon yamma wanda rana ke gasawa tun daga azahar, ya riƙa ba ni zafin bango maimakon na ɗaki, har sai da na mayar da shi bangon ciki, daidai tsayin ƙirji, nesa da taga da talabijin. Na uku ya fi ba ni wahala kafin in gano shi: a tsarin Zigbee, soket da ƙwayayen fitila masu jone da wuta su ne ke miƙa saƙon na'urori masu batir zuwa cibiya, wato ƙaramar kwamfutar nan, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ma'aunin tsakar gida ya yi shiru. Sai da na mayar da soket biyu kan layin inbata sannan abin ya daidaita.

Ga wanda yake shakkar gaskiyar lambar danshi, akwai gwaji mai sauƙi da gishirin girki. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da na'urar a cikin roba mai murfi na tsawon kwana guda. Iskar ciki za ta tsaya a kusan kashi 75 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin nawa ta nuna 70, sai na ƙara mata biyar a cikin manhaja. Masu son haɗa nasu da hannu kuma su guji ɗan sashen auna zafi da danshi mai suna DHT11 duk da arharsa, domin ba ya karanta danshin da ya yi ƙasa da kashi 20, alhali a hunturu da bazara a nan Kano iska takan sauka ƙasa da haka. SHT31 na kamfanin Sensirion ko DHT22 sun fi dacewa da mu.

Ma'aunin sito ne ya fi tayar mini da hankali, domin ya nuna cewa baturan suna wuni cikin zafin da ya kusa digiri 40. Batir mai dalma an ƙera shi ne don ya yi aiki a wajen digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri goma yana rage kusan rabin tsawon rayuwarsa, wanda ya bayyana mini dalilin da ya sa na baya suka mutu da wuri. Na sa an huda bango an saka ƙaramar fanka mai fitar da iska, wadda ke tashi da kanta idan siton ya kai digiri 33. Ma'auni na biyar da na saya kwanan nan yana cikin wadirob, inda fumfuna ta taɓa ɓata mini manyan riguna biyu da takalmin fata a damina, kuma na saita shi ya sanar da ni idan danshi ya zauna sama da kashi 70 na kwana biyu a jere, domin a fitar da kaya a shanya.