Tsohuwar hanyar jirgi daga Khartoum zuwa Kano

Yau wani abokina mai sha'awar tarihin jiragen sama ya tambaye ni kamfanin da ya fara zirga-zirga zuwa Kano a kai a kai, sai na shiga intanet ina bincike har na gano hanyar da Imperial Airways na Birtaniya ya buɗe daga Khartoum a 1936. Abin da ya taɓa ni shi ne garuruwan da jirgin yake yada zango: El Fasher, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Maiduguri, sannan Kano. Kusan hanyar da kakanninmu suke bi da ƙafa zuwa Makka ke nan, wasu su shafe shekaru ba su dawo ba. Ina matuƙar son sanin yadda mahajjatan wancan zamani suka ɗauki wannan jirgi.