Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Fushi Ba Ya Shigowa Babu Sallama

A makon jiya na tsaya a inda na jefi ɗan ƙanwata da almakashi. Allah ya tsare, ya wuce ta gefen kunnensa ya caki buhun fatu. Azumin 2022 ne, wanda ya faɗo cikin Afrilu, kuma duk ɗan Sakkwato ya san Afrilu: zafi ya haura digiri 40, kwanon rumfa kamar tanda. Laifinsa ɗaya, ya karkata yanka a fatar jar akuya da na ware don tumtum.

Yaron bai yi kuka ba. Da ya yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Durƙusawa ya yi ya zaro almakashin, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu, hannun na kyarma. "Kawu, ga shi." Har yau ina jin muryar nan.

Tsohon badukun da ke maƙwabtaka da rumfata ya ga komai, bai tanka ba. Sai da muka fito sallar la'asar a Masallacin Shehu ya kama hannuna.

"Wanga hushi naka, ina kaka jin shi kahin shi kai ga hannu?"

Na ce, "Baba, ni dai sai in ga na aikata."

"A'a. Hushi ba ya shigowa babu sallama. Kai ne ba ka saurare."

Ya tuna mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da maza a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ni da na tashi ina alfahari da zafin zuciya, ina kiransa jarumta, maganar ta sare mini gwiwa. Ya ƙara da na Abu Dawuda: wanda ya fusata yana tsaye, ya zauna. Na ce ai ni a zaune nake aiki. Ya ce, "Ba a nan ya ƙare ba. In bai tahi ba, ka kishingiɗa."

Daga ranar na fara gadin jikina. Ashe kunnuwana ke fara ɗaukar zafi, sai muƙamuƙi ya ɗaure, numfashi ya gajarta, zuciya ta hau dukan uku-uku. Tsakanin zafin kunne da ɗaga hannu akwai ɗan taƙi, ƙanƙani ƙwarai, amma akwai shi. A cikinsa nake ajiye duk abin da ke hannuna, basilla ce ko wuƙa, in yi a'uziyya, in miƙe a kan tabarma. In abin ya ƙi, in ɗauki buta in yi alwala. Sau da yawa kafin in kai ga wanke ƙafa, maganar da na shirya yaɓa wa mutum ta yi sanyi.

Ba kullum nake cin nasara ba. Cikin wannan azumin sau biyu na daka wa uwargidana tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abu ɗaya na kasa: ba yaron haƙuri. Kwana tara ina juya kalmar a baki, girman kai na danne ta. Daren na goma, bayan asham, ƙanwata ta yi sallama a gidanmu da ke Runjin Sambo, yaron na bayanta riƙe da ƙullin kayansa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.