Yadda muke kiyaye sauti kafin bidiyo ya hau intanet

Ina da ƙaramin situdiyo a Kano, inda ni da yarana uku muke ɗaukar karatun malamai da bukukuwan aure da tallan 'yan kasuwa. Abin da sana'ar nan ta nuna mini shi ne, mai kallo yakan yi haƙuri da hoton da bai fito tas ba, amma da zarar murya ta fara damun kunnensa sai ya wuce. Saboda haka na fi ba sauti lokaci fiye da hoto.

Aikin yana farawa ne tun daga wurin ɗauka. A tafsirin watan azumi ba ma dogara da makirufon kyamara, domin shi ne ke kwashe ƙarar fanka da ta janareta da tarin jama'a. Mukan ja waya kai tsaye daga mikisar masallaci, ko mu maƙala ƙaramin makirufo a wuyan rigar malam. Mai jan baƙi yakan fi malam ɗaga murya, don haka da muryar alaramma nake saita ma'auni, in bar ƙololuwarsa, wato inda muryar ta fi tashi, a wajen -12 dB (dB shi ne awon ƙarfin sauti, sifili kuma shi ne iyakarsa ta sama). Idan ma'aunin ya kai sifili ya yi ja, muryar ta fashe ke nan, kuma fasasshen sauti ba ya komawa yadda yake, komai gwanintar mai tacewa.

Inda masu sana'armu da yawa ke yin asara shi ne wajen matse fayil, wato rage girmansa. YouTube da Facebook da TikTok duk sukan sake matse abin da aka ɗora musu, kuma kowace matsa tana zubar da wani ɓangare na sautin. Shi ya sa muke ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a kan 48 kHz, bit 24, mu yi duk gyaranmu a kansa, sannan mu fitar da bidiyon sau ɗaya tak da matsattsen sauti na tsarin AAC mai 384 kbps, kamar yadda YouTube ya ba da shawara ga sitiriyo. Akwai wani mai shagon yadi da ya kawo mini muryar tallarsa bayan ta bi ta wayoyi da dama a WhatsApp. Da na sa abin saurare a kunne, kowace "s" da "sh" tana fito, muryar kuma kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Na gaya masa gaskiya cewa sai an sake ɗauka, ya dawo washegari muka yi. Tun daga lokacin nake roƙon abokan ciniki su turo mana aiki ta wurin da ake tura takardu a WhatsApp, domin ta nan fayil yake isowa ba a taɓa shi ba.

Muhawarar da na fi yi da mutane kuwa a kan ƙarfi ce. Sau da yawa nakan ji, "Malam, a ƙara masa ƙarfi ya fi na kowa tashi." Nakan yi bayanin cewa YouTube yana rage duk sautin da ya zarce kimanin -14 LUFS, wato awon ƙarfin sautin bidiyo gaba ɗayansa, don haka wanda ya cusa ƙarfi har ganga da murya suka cakuɗe, za a mayar da shi daidai da sauran, ɓarnar kuma tana nan. Mu a wannan ma'aunin muke tsayawa, mu bar ƙololuwar fayil ɗin da za mu ɗora a -1 dB, saboda matsar da za a yi daga baya takan ɗan ɗaga ta.

Babban fayil yana cin data, kuma idan sabis ya yi rauni mukan jira har dare kafin ya gama hawa, amma ban yarda a rage shi don sauri ba. Idan ya hau, nakan bar shi a ɓoye tukuna, in saurare shi a wata tsohuwar waya mai lasifika ɗaya da na ajiye a aljihun tebur, irin wadda yawancin masu kallonmu ke riƙewa. Sai na ji kowace kalmar malam ta fita a cikinta sannan nake buɗe wa jama'a.