Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hokin Dare a Kalgari

A makon jiya na tsaya a inda Mamana ta kammala shekararta ta farko a ƙungiyar hokin yara ta unguwarmu a nan birnin Kalgari na Kanada (hoki wasa ne da ake yi da sanda a kan ƙanƙara), ni kuma na fara iya tafiya a kan takalmin ƙanƙara ba tare da na riƙe bango ba. Ga waɗanda suka tarar da labarin a tsakiya, Mamana ita ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidanmu, kowa Ummi yake ce mata, ni kuma Mamana.

Wanda ya ja ni cikin gasar manya uban wata yarinya ne da ke ƙungiya ɗaya da ita, Bature mai aikin famfo, haifaffen wani ƙauye a lardin Saskatchewan na Kanada. Muna tsaye bayan gilashin da ya kewaye fili muna kallon atisayen yara da sanyin safiya, a farkon kakar 2023, ya ce mini ƙungiyarsu ta rasa mutum ɗaya a gefen hagu. Na ce masa ai ni ko birki ban gama iyawa ba. Ya ce su a rukunin ƙarshe suke, ba gwani suke nema ba, wanda zai riƙa zuwa suke nema.

Wanda bai zauna Kanada ba zai yi mamakin lokacin da ake wannan wasa. Filayen ƙanƙara na cikin gini ba sa isar jama'a, don haka yamma da safiyar Asabar da Lahadi na yara ne. Manya sai abin da ya rage: ƙarfe goma na dare, goma da rabi, wani lokaci har sha ɗaya saura kwata. Ni wannan bai dame ni ba ta fuskar sallah, domin a watan Disamba rana kan faɗi a Kalgari wajen huɗu da rabi, kafin lokacin wasa an yi isha'i tuni, an ci tuwo, yara sun kwanta. Inda gizo ke saƙar shi ne gida. A lokacin autanmu bai cika shekara biyu ba, yana farkawa cikin dare, uwargida kuma tana fita aiki da asuba a wasu ranakun.

Da na kawo mata maganar ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Sai da ta gama ninke kayan yara sannan ta ce, "Abban Ummi, dare ɗaya za ka ɗauka a mako, ko? To ni ma a ba ni nawa." Ta daɗe tana son komawa karatun tajwidi da matan masallaci ke yi ranar Alhamis da yamma, renon yara ya hana ta. Muka yi yarjejeniya: daren wasana nawa ne, yammacin Alhamis nata ne, girki da wanka da kwantar da yara duk a wuyana. Ta ƙara da cewa komai daren da na dawo, ni zan kai su makaranta da safe, kuma jakar kayan wasa ba za ta wuce gareji ba. Duk wanda ya taɓa buɗe jakar hoki bayan wasa ya san dalilin wannan sharaɗin. Ina faɗa wa duk magidancin da ke sha'awar irin wannan abu cewa sa'o'in da zai kwasa ba nasa ba ne shi kaɗai. Daga aljihun matarsa yake ciro su, kuma bashi ne.

A ƙarshen Oktoban shekarar ne labarin Adam Johnson ya bazu, ɗan wasan Nottingham Panthers da wuƙar takalmi ta yanke shi a wuya ana tsakiyar wasa a Sheffield ta Ingila, ya rasu. Yara a nan dama doka ce su sa abin kare wuya, manya ne da yawa ba sa sawa. Washegari na dawo daga aiki na tarar da sabo fil a kan jakata, uwargida ba ta ce mini komai ba. Tun daga ranar ban taɓa taka ƙanƙara babu shi ba, haka ma ragar ƙarfe da ke rufe fuska gaba ɗaya, ko da yake wasu abokan wasana rabin gilashi kawai suke sawa.

Kayan nan kuwa ba a sa su da garaje. Ana farawa da abin kare gaba, sai na ƙwauri, a ja doguwar safa a kai a naɗe da salatif, sai wando mai katifa, sannan takalmi, domin idan ka riga ka sa na kafaɗa sunkuyawa za ta gagare ka. Igiyar takalmi ana jan ta har yatsu su yi ja. Yawancin nawa na hannu ne, daga shagon da ke sayar da tsofaffin kayan wasanni, hular kwano kaɗai na saya sabuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne wuƙar da ke ƙarƙashin takalmin. Daga nesa kamar baki ɗaya gare ta, amma idan ka juya ta ka duba da kyau za ka ga an rarake tsakiyarta, baki biyu ne, na ciki da na waje, kuma duk wata kwana da birki a kan ɗayansu ake yi. Idan ta dakushe sai a kai shago, a ɗora ta a kan dutsen inji, tartsatsi na tashi kamar wajen mai wasa wuƙa ranar jajiberin Babbar Sallah. Mai shagon kan gwada ta da farcensa. In ta kankare farce, ta yi.

Daren farko, motar Zamboni mai gyara ƙanƙara ta gama zagaye ta bar filin yana sheƙi, muka fito. Mutum shida ne kowane ɓangare har da gola. Ba a zama a fili kamar ƙwallon ƙafa, ana shiga ne rukuni-rukuni, ka yi kamar minti ɗaya ka fito wani ya maye gurbinka, wasa kuma bai tsaya ba. Da ina kallo daga sama nakan ce minti ɗaya me aka yi? Ranar na gane. Kafin in kai ƙarshen fili in dawo ƙirjina ya ɗauki zafi, cinyoyina na rawa, gumi na zuba ta cikin hula a wurin da numfashi ke fita da hayaƙi. Ga shi dole ka kula da shuɗin layi, domin in ka riga fak tsallakawa an busa maka satar gida. Fak ɗin nan faifan baƙar roba ne da bai wuce tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 170, amma in ya same ka a inda babu katifa sai ka kwana kana jin sa. Sa'ar da muka yi ita ce a gasarmu an hana bangaza da jiki, kowa na da aikin da zai je gobe.

Can a zango na biyu fak ya gangaro ta jikin bango ya nufo ni, wani ƙato yana biye da shi. Na kafa sanda, na ji ya buge ta, na tura shi gaba da iya ƙarfina, ya fice daga yankinmu. Shi ke nan abin da na yi. Da na dawo benci sai na ji ana ƙwanƙwasa katako da sanduna, wanda shi ne tafin 'yan hoki, mai famfon nan ya daki hulata da safar hannunsa. An ci mu a wasan, amma na tuƙa mota zuwa gida ƙarfe sha biyu da rabi zuciyata fes.

Akwai maganar da ba zan ɓoye ba, don 'yan'uwa a masallaci sun tambaye ni. Irin wannan gasa su kansu gasar giya suke ce mata, saboda bayan wasa akan buɗe kular giya a ɗakin canza kaya. Tun daren farko na gaya wa kyaftin ɗinmu ni Musulmi ne, ba na sha, kuma kuɗina ba zai shiga asusun sayenta ba. Bai ja maganar ba. Mako na gaba na ga an ajiye lemon kwalba a gefen jakata. Ni dai tsarina shi ne in cire kaya, in yi musabaha da kowa, in kama hanya kafin zaman ya yi nisa. Daga baya na fara zuwa da filas ɗin shayi mai citta da kanumfari muna sha kafin a shiga fili, har golanmu ya kai in bai ga filas ba sai ya tambaya ko lafiya.

Da suka ji daga Najeriya nake, sunan da ya fara fitowa daga bakinsu shi ne Iginla. Jarome Iginla, tsohon kyaftin ɗin Calgary Flames, ƙungiyar ƙwararru ta garin nan, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma tun 2019 aka rataye lambarsa 12 a rufin Saddledome, filin wasansu, ba wanda zai sake sa ta a ƙungiyar. Ni kuma na ba su labarin da ya fi taɓa ni, na Nazem Kadri, wanda ya ci kofin Stanley, babban kofin ƙwararrun hoki, da ƙungiyar Colorado a 2022 ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu, London ta Ontario, a shekarar da ya koma Flames. Hotonsa da kofin a ƙofar masallaci na nuna wa Hajiya ta waya ranar da ta ce, "Kai yanzu da furfura a gemunka za ka je kana zamiya a ƙanƙara?" Hoton bai gamsar da ita ba. Sai da na tura mata bidiyon takwararta tana gudu da baya a kan takalmi, ta yi ta maimaita kallo, ta kira ta ce, "Allah ya tsare min ku, amma ka riƙa riƙe mata hannu." Na ce, "Hajiya, ai ita ke riƙe nawa."

Kuma gaskiya na faɗa. A unguwarmu akwai filin waje wanda 'yan sa-kai ke fesa wa ruwa da tiyo cikin dare har ya daskare. In ba iskar chinook mai ɗumi ta sauko daga duwatsu ta narkar da shi ba, can muke zuwa ni da ita ranar Lahadi bayan azahar. Birkin ɓangaren hagu ya daɗe yana ba ni wuya, ita ta zauna ta koya mini. Takan tsaya a gabana, hannu a ƙugu, kumatu sun yi jajir don sanyi, ta ce, "Abba, lanƙwasa gwiwa. Kana tsoron faɗuwa ne shi ya sa kake miƙewa." Da Hausa take faɗa, ita da a gida sai an yi da gaske take amsa mana da ita. Ranar da wuƙata ta kankare ƙanƙara ta watsa gari na tsaya cak, ihun da ta yi sai da mutanen da ke can gefe suka waiwayo.

Wannan ya sauya zamana a bayan gilashi. Iyaye da yawa suna ta kwarara wa yara ihu, ga fili can a buɗe, me ya sa ba ka ba shi ba? Daga saman benen 'yan kallo komai a fili yake. A ƙasa kuwa, kana kallo ta cikin ragar ƙarfe, numfashi ya ƙare, ƙafa na neman zamewa, ba ka ganin komai sai rigar wanda ke gabanka. Yarinya 'yar shekara takwas da ta iya ɗaga kai ta ba da fak a wannan hali ta yi abin a yaba mata. Yanzu a mota ba na yi mata bitar kurakurai, tambayarta nake yadda ta yi wancan juyin. Ita ma duk safiyar da ta biyo bayan wasana, kafin ta wanke fuska take leƙowa kicin ta ce, "Abba, kun ci?" In na ce an ci mu sai ta tambayi sau nawa na taɓa fak.

Haka muka lallaɓa har muka samu shiga wasannin ƙarshe na rukuninmu a watan Maris na 2024, daidai da shigowar azumi. Na sa rai za a bar mu a lokacinmu na dare, in je bayan tarawihi. Sai kyaftin ya turo jadawali: tun da wasu ƙungiyoyin yara sun gama kakarsu fili ya samu, an sa wasanmu na farko ƙarfe shida na yamma, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan bakwai da rabi. Mutum biyu daga cikinmu sun ji rauni, benci ba kowa, in ban je ba gefen hagu mutum ɗaya ne zai riƙe shi. Yadda muka yi da uwargida a kan wannan, da abin da ya faru a zango na uku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.