Yadda na auna ƙarfin farfaɗowar dajin Baban Rafi

Aikin da na yi bayan digiri na uku tambaya ɗaya ya tsaya a kai: idan fari ya bugi daji, ko gatari ya shige shi, tsawon wane lokaci yake ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa, kuma wannan lokacin yana ƙaruwa ne ko raguwa? Na zaɓi dajin Baban Rafi da ke kudancin Maradi, kusa da iyakar Najeriya, saboda matsi biyun sun haɗu a kansa. Ruwan sama bai wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, kuma daga nan ake jigilar itacen girki zuwa birnin Maradi.

Kayan aikin duk kyauta ne. Hotunan tauraron ɗan adam na na'urar MODIS sun fara daga 2000, kowane ɗigon hoto mita 250 ne a ƙasa, ana fitar da ma'aunin kore na NDVI duk kwana 16. Na taurarin Landsat mita 30 ne, na Sentinel-2 kuma mita 10 tun daga 2015. Bayanan ruwan sama na ɗauko daga CHIRPS, wanda ya koma baya har 1981. Na haɗa su a Google Earth Engine, dandalin sarrafa hotunan tauraro a intanet, don haka ban buƙaci babbar kwamfuta ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lokacin awo. A watan Agusta ko'ina kore ne shar, amma yawancin wannan kore ciyawa ce da gero, ba itace ba. Wanda ya gina lissafinsa a kan damina, ruwan sama kawai yake aunawa. Ni daga Nuwamba na fara ɗauka, bayan ciyawa ta bushe, lokacin da sabara da taramniya da kalgo ke riƙe da ganyensu. Nan ma akwai tarko. Gawo yana kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, saboda haka gonar da ke da gawo da yawa takan fito a hoto kamar ta fi daji lafiya. Dogon yaro, wanda mutanen Maradi ke kira bedi, yana nan kore kusan duk shekara, sai ya sa gefen gari ya yi kama da kurmi. Ƙurar hunturu kuma tana dusashe hoto ta rage ma'aunin, har mutum ya zaci bishiyoyi ne suka mutu a Janairu. Dole a tace ranakun hazo kafin a taɓa komai.

Shi ainihin awon farfaɗowa ba shi da wuyar fahimta. Ana cire zagayen damina da rani daga jerin alƙaluma, a cire doguwar karkata ta shekaru, sai a duba abin da ya rage: yaya watan nan yake kama da watan da ya gabace shi? Dajin da ke da ƙarfi yakan murmure da wuri, don haka kamannin kaɗan ne. Wanda ya raunana yakan daɗe yana jan ciwo, kamannin ya yi yawa. Na lissafa wannan a tsakanin shekara biyar-biyar, ina matsawa wata ɗaya-ɗaya. Da irin wannan hanya masu bincike Boulton da Lenton da Boers suka nuna a 2022 cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na dajin Amazon yana ta rasa ƙarfin farfaɗowa tun farkon shekarun 2000, musamman kusa da gonaki da hanyoyi. Sai dai hanyar tana da saurin yaudara. Idan gajimare ya rufe makonni aka cike giɓin da ƙiyasi, ƙiyasin da kansa yana ƙara kamannin, sai kwamfuta ta ce daji na mutuwa alhali lissafi ne ya ƙirƙiro ciwon. Haka nan haɗa tauraro biyu ba tare da daidaita su ba. Landsat 7 ma hotunan da ya ɗauka daga 2003 suna ɗauke da layukan giɓi.

Abin da ya fi damuna, kuma nake so duk mai shiga wannan fage ya riƙe, shi ne daji na iya riƙe korensa yana lalacewa. A ƙasa na shata filaye mita 50 a kan 50, domin GPS na hannu yakan kauce da mita uku zuwa biyar, kuma ƙaramin fili ba zai dace da ɗigon hoto ba. Bishiya mai gangar jiki ɗaya ana auna kaurinta a tsayin mita 1.3. Sabara da geza masu reshe tun daga tushe sai a auna su can ƙasa. Na ƙirga kututture, na lura da wanda ya yi toho da wanda ya ƙafe, na ƙirga 'yan tsiro. A filaye da dama manyan itatuwa irin su ƙirya da marke sun koma kututture, saboda su masu gawayi da masu sassaƙa suka fi so, sabara ta toho ta cike gurbinsu. Daga sama babu abin da ya canja. Tsofaffin ƙauye ne za su zayyana maka itatuwan da suka ɓace, kuma jerinsu ya taimaka mini ƙwarai wajen fassara hotunan shekarun baya.

A cikin samfurin lissafin da na gina don hasashen farfaɗowar dajin na sa ruwan sama, irin ƙasa, yawan gobara, nisa daga hanyar mota, nisa daga kasuwar itace da kuma burtali. Wajen gwada ingancinsa kada a tsinci filaye barkatai, domin filayen da ke maƙwabtaka kusan abu ɗaya ne, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya. A ware yanki guda cur, a horar da samfurin da sauran, sannan a gwada shi a can.

Kada kuma a shigar da mutum a matsayin mai ɓarna kaɗai. Sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture ya rene shi, ya dawo da itatuwa a kusan hekta miliyan 5 a Nijar bayan farin 1984, galibi a Maradi da Damagaram. Samfurin da ya ɗauka cewa yawan jama'a yana nufin raguwar itace zai faɗi a nan. Shi ya sa na raba gonar da ke da mai ita da dajin kowa-da-kowa, na lissafa kowanne daban.

Hasashen gaba kuwa na bayar da shi ne a matsayin zango, ba adadi ɗaya ba, domin samfuran yanayi sun saɓa kan ruwan Sahel. Jimillar ruwan shekara ma ba ta isa ba. Binciken Taylor da abokansa na 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma ruwan da ya zuba lokaci guda a kan faƙo gudu yake yi bai shiga ƙasa ba. Don haka na ƙara tsawon ranakun da ake yi ba ruwa a tsakiyar damina, domin shi ke kashe 'yan tsiro a shekararsu ta farko.