Ranar da jirgina ya sauko ba da izinina ba

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima. A ƙarshen 2020 na tattara 'yan kuɗaɗena na sayi Mavic Mini na hannu, ƙaramin duron ɗin nan, wato jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, na kamfanin DJI mai nauyin giram 249. Dole ce ta sa, domin a lokacin duk wanda zai ba ka aikin biki sai ya tambaya, "Kana da jirgi?" In ka ce babu, sai ka ji an ce za a neme ka, kuma an neme ka ke nan.

Wanda ya sayar min ya haɗa min da jaka, da batir uku, da sababbin farfela a leda tare da 'yan ƙananan sukurorinsu. Na cusa ledar a aljihun jaka na manta da ita. A ganina farfela kamar gilashin mota take: in bai fashe ba, me zai kai ka wajen mai gilashi?

A watan Afrilu na shekarar da ta biyo baya aka kira ni ɗaurin aure a wani gari kan hanyar Zariya. Kowa ya san zafin Afrilu. Jakar jirgin ta wuni a but ɗin mota tun hantsi har aka sauko daga Juma'a, da na ɗauko ta sai da ta ƙona min hannu. Ina tayar da shi na ji ƙarar ta canza, ta yi siriri ta yi tsini, kamar sauro ya samu kunne. Wani gargaɗi ya fito a fuskar waya da Turanci a kan gudun inji. Na taɓa ganinsa sau biyu ko uku, ban ga abin da ya faru ba, don haka na share shi. Jama'a na fitowa daga masallaci, maroƙi ya fara, ba lokacin karatu ba ne.

Na kai shi sama kamar mita 30, na tura shi gaba. Sai na ga hoton yana matsowa ƙasa. Na danna sandar hagu ta rimot, wadda ke ɗaga shi, sama har ƙarshe, jirgi ya ci gaba da saukowa a hankali, kamar wanda ake janye wa da igiya. A ƙarƙashinsa kuwa hulunan mutane ne da rawuna. Allah ya taimake ni yana karɓar umarnin gefe, na karkatar da shi bayan masallaci ya faɗa kan tarin karan dawa. Yara suka rufa a guje. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam mai hoto, shi ma jirgin naka goro ya sauko karɓa?" Aka yi ta dariya, ni kuwa gwiwoyina rawa suke. Tun farko ma bai kamata in bi da shi ta saman kan mutane ba, wannan laifi ne daban, kuma nawa ne.

A hanyar komawa babu wanda ban ɗora wa laifi ba: batir, iska, wanda ya sayar min. Washegari na kai wa maigidana, wanda a hannunsa na koyi riƙe kyamara. Na ce, "Maigida, ina jin inji ne ya tafi." Bai tanka ba. Ya ɗauki sukundireba ya kwance fiffike ɗaya na baya (kowace farfela fukafukai biyu gare ta), ya ce in miƙo masa sabo daga ledar da na manta da ita. Ya jera su a kan gilashin tebur, ya ce in durƙusa in kalle su daga gefe, idona daidai da gilashin.

Daga sama babu bambanci ko kaɗan. Babu tsaga, babu gutsura. Amma daga gefe sabon yana da murɗa, gefe ɗaya ya ɗaga kamar zai ɗebi wani abu. Tsohon ya kwanta, ya kusa zama shafal.

Ya ce, "Ka taɓa huɗa da garmar da bakinta ya miƙe? Sai dai ka yi ta ja, tana shafar ƙasa tana wucewa." Wannan murɗar ita ce ke kama iska ta tura ta ƙasa. In ta ragu, dole inji ya ƙara gudu kafin ya samu ɗagin da yake samu a da, shi ne ƙarar sauron da na ji. Inji kuma yana da iyaka. Ranar da ya kai ƙarshen gudunsa, ko ka karya sandar rimot ba shi da abin da zai ƙara maka. Ga shi iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, farfela na buƙatar ƙarin juyi a cikinta. Na haɗa masa gajiyayyar farfela da ranar Afrilu.

Yadda aka yi ta kwanta kuwa, a Mavic Mini in ka naɗe hannayensa, farfelun baya a ƙarƙashin cikinsa suke komawa. In ba ka jera su daidai ba ka rufe jaka, danne su ake yi. Roba ce, a danne ta a wuri mai zafi, sai ta ɗauki sabon fasali. Ashe matsala ce da masu irin wannan jirgi suka sha kuka da ita a 2020, kuma gargaɗin da na riƙa sharewa saboda ita aka sa shi. Muka canza duka fukafukan takwas, ƙarar ta koma daidai, gargaɗi ya ɓace.

Da a nan karatun ya tsaya da na ji daɗi. Bayan wata biyu na goge reshen darbejiya, bakin fiffike ɗaya ya ɗan gutsure, bai kai ƙwayar gero ba. Don tsimi na sa abin goge farce na lallashe wurin. Jirgi ya tashi lafiya. Sai da na zauna tace bidiyo na ga katangu suna lanƙwasa suna miƙewa kamar inuwa a cikin ruwa. Uwar amarya ta bugo waya ta ce, "Ɗan nan, me ya sa gidanmu yake rawa?" Abin da na goge ya sa fiffike ɗaya ya fi abokinsa nauyi, kuma abin da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya ba ya yafe irin wannan. Girgizar ta fi ƙarfin mariƙin kyamara, ta shiga hoto. Na canza wanda ya gutsure shi kaɗai, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba, sai da na sa biyun duka daga leda ɗaya. Kamfanin ma haka ya ce a yi: biyu tare, da sababbin sukurori, saboda ɗan gam ɗin da ke jikin zarensu ba ya kamawa sau biyu.

Wani abin lura, farfelun ba iri ɗaya ba ne. Injina biyu suna juyawa dama, biyu hagu, shi ya sa aka yi wa wasu alama, hannayen da za su hau ma da alama. Ka musanya su, jirgi ya kife kafin ya bar ƙasa.

Ana yawan tambayata bayan awa nawa ake canzawa. Ni ba na ƙirga awa. Kafin kowane aiki nakan bi bakin kowane fiffike da farce, in ya sarƙe a wani wuri, ya gama aiki. Nakan ɗan lanƙwasa shi kusa da gindi, wajen ramin sukuru, in na ga farin layi ya bayyana a robar to tsaga ce ke tafe. Sannan in tsayar da jirgin daidai tsayin kaina na rabin minti, ina saurare. Lokacin hunturu na fi canzawa, domin ƙura da yashi suna cinye bakin farfela su bar shi da kaushi, musamman in kana tashi daga ƙasa tsura. Yanzu da guntun kwali nake yawo, a kansa nake tashi nake sauka. Jaka kuma ta bar but, tana kujerar gaba, in na fita ta fita.

Makon jiya a wajen wani kamu farcena ya sarƙe a fiffiken gaba na dama. Abokan ango suna ta "Mai jirgi, amarya ta fito fa!" Na shimfiɗa hankici a kan bonet don kada sukuru ya gangara cikin yashi, na canza biyun. Fitowar amarya ta wuce ni, sai yarona ne ya ɗauke ta da kyamarar hannu. Na sa tsofaffin a gwangwanin da nake tara su, na tayar da jirgi na kama jerin motoci suna fita layi.